DAGA BAKIN GAREJI: Tsayin Da Ka Ƙara Wa Tirela Bashi Ne, A Kwana Ake Biyansa

 

Zancenmu na wannan wata a kan wani aiki ne da kowane gareji a Kwatano ya sani, tun daga nan Zango har Akpakpa, wato ɗaga mota ko tirela domin cikinta ya yi nesa da ƙasa. Abin da ya jawo zancen kuwa shi ne, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci wani matashi ya tare ni, ya ce ya sayi 'yar ƙaramar tirela irin wadda ake ɗaura wa ƙaramar mota ta ja, wadda mu a nan muka fi sani da rimok. Ya ce duk tudun rage gudu da ya hau sai ta kartar ƙasa, saboda haka ya yi shawarar kai ta wurin mai walda. Ya ce, "Baba, santimita nawa kuke ganin ya kamata in ƙara mata?" Na ce masa wannan ba tambayar da ake amsawa a tsaye a bakin titi ba ce, ya saurari fitowar jarida. To, ga amsar, gare shi da duk mai irin niyyarsa.

Da farko dai, kada wani ya ɗauka masu wannan aiki ba su da hujja. Suna da ita. Yawancin abin hawan da ke hannunmu ba don hanyoyinmu aka ƙera shi ba. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, musamman kuma daga shekarun 1990 da kasuwar tsofaffin motocin Turai ta bunƙasa, abin da ke sauka a nan kaya ne da aka auna shi da titin Beljiyam da Jamus da Faransa, inda kwalta take shimfiɗe kamar tabarma. Duk wanda ya taɓa zagaya filayen sayar da motoci na Sèkandji da Ekpè a kan hanyar Porto-Novo ya ga irinsu. A cikinsu akan sami ƙananan tireloli, jefi-jefi ma har da ɗakin nan mai taya da Turawa ke ja zuwa hutu, mai gado da murhu a ciki, wanda Faransawa ke kira karaban. Irin wannan ɗaki cikinsa kamar ya shafi ƙasa, domin wanda ya ƙera shi bai taɓa shiga von ɗin unguwanninmu da damina ba.

Mu kuwa garinmu a kan rairayi yake zaune, teku a kudu, tafkin Nokoué a arewa, ruwa ba shi da wurin gudu. An shimfiɗa wa tituna da dama kwalta da pabe a 'yan shekarun nan, ba mu musa ba, amma wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta shafi gundumomi 55 daga cikin 77 na ƙasar nan, ya san abin da ruwa ke yi wa hanya. Haka nan babbar hanyar Kwatano zuwa Malanbil, mai tsawon sama da kilomita 700, kwalta ce, sai dai doya da masara ba a bakin kwalta ake noma su ba. Mai sarin su dole ya saki titi ya shiga burji, ya bi gargada da kwazazzabai. Saboda haka bukatar tsayi gaskiya ce. Abin da muke ja a kai shi ne yadda ake nemansa, da abin da ake yi da shi bayan an samu.

Dattawanmu za su tuna da Peugeot 504, wato Fijo mai farin jini. A 1968 ta fito a Faransa, daga baya kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya shiga haɗa ta, a wannan shekara ta 1975 ɗin kuma ta cinye tseren Safari na Kenya. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan ratso hamada da ita ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar ko a nan, su koma gida a jirgi. Me ya sa ta jure? Domin tsayinta daga masana'anta ya zo, an auna shi tare da faɗinta da birkinta da shakazobanta. Doguwar nan ta iyali sifirin huɗu masu murɗi aka sa mata a baya, biyu kowane gefe, akori-kurar kuwa aka ba ta sifirin mai falle-falle. Ko da kamfanin Dangel na Faransa ya tashi ɗaga ta ya mai da ita mai ja da taya huɗu a farkon shekarun 1980, sai da ya sake fasalin ƙarƙashinta gaba ɗaya. Mu kuwa, tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, sai garejinmu suka koyi yanka da liƙi. An samu gwanaye a cikin wannan hali, an kuma samu 'yan gyaran gangar Abzinawa.

Ba da ka nake wannan magana ba, a gidanmu abin ya faru. Ina da ƙane mai sarin doya daga ƙauyukan bayan Savè da Glazoué. A daminar 2018 ya haɗa ɗan jarinsa da kuɗin adashin maiɗakinsa ya sayi rimok mai sifirin falle-falle. Tafiya biyu ya yi ya dawo yana ƙorafi, wai wutsiyarta na jan ƙasa. Ya kai ta wurin wani mai walda da ba sai na faɗi sunansa ba. Kwana biyu aka fito da ita ta miƙe tsaye kamar zakara a kan danga. Ya zo ƙofar gidana yana murna, ya ce, "Yaya, fito ka ga aiki." Na fito na gani, na kuma yaba, domin a lokacin ni ma idona tsayin kawai ya gani.

A tafiya ta uku ya lura cewa ko ya loda ta ba ta durƙusawa kamar da, sai ya ƙara lodi, ya tula doya har ta wuce bakin akwatin, ya ja tamfol ya ɗaure. Sun baro Dassa da yamma, shi da ɗan ƙanwarmu mai shekara 14 da ya bi shi hutun makaranta. A wata gangara mai kwana rimok ta fara kaɗa wutsiya, ya taka birki da ƙarfi, ta kife, ta fizgi bayan motar ta jefa su cikin rami. Allah Ya sa suna da sauran kwana a gaba. Yaron ya karye a hannu, har yau bai iya miƙe shi sosai. Doya ta watse, motar ta yi wata uku a gareji, kuɗin adashi kuwa sai da aka shekara biyu ana biya. Garin neman gira aka tashi rasa ido.

Da aka jawo ragowar rimok ɗin, na roƙi wani dattijon makaniki ya duba mana. Mutum ne da ya yi shekaru yana gyaran manyan motocin da ke kwasar kayan Nijar daga Paraku, tun zamanin da jirgin ƙasa ke kai su can. Ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya dubi ƙanena ya ce, "Ɗana, kafin a taɓa ta, wa ya kwanta a ƙasa ya ga abin da ke taɓawa?" Ƙanena ya ce, "Ba kowa, Baba." Ya ce, "To, a nan hatsarin ya fara, ba a Dassa ba." Abin da zan jero a ƙasa, daga bakinsa na fara jin yawancinsa, sauran kuma na bi na tabbatar.

ME KE TAƁA ƘASA?

Wuri uku ne tirela ke taɓa ƙasa: wuyanta, wutsiyarta, ko sandar ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin biyu, wadda makanikanmu ke kira esiyo. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Idan wuya ne ko wutsiya, a fara duba ƙwallon da ake maƙala ta a bayan mota. Tirela a kwance sosai ake son ta tafi, ba ta duƙa gaba ba, ba ta ɗaga kai ba. A ma'aunin Turai, ƙwallon nan yana tsakanin santimita 35 zuwa 42 daga ƙasa idan motar na ɗauke da kaya, kuma da wannan lissafi aka ƙera wuyan tirelolinsu. Mu kuwa duk inda mai walda ya ga ƙarfe mai kauri nan yake liƙa shi. Ta ƙanena ashe ƙwallon ne ya yi sama, wuya ya ɗagu, wutsiya ta sauka. Da an sauke shi santimita kaɗan, da ba a taɓa sifirin ba ko kusa.

A kuma duba ko tirelar tsufa ne ya durƙusar da ita. Sifirin da ya gaji yakan miƙe ya rasa lanƙwasarsa. Wanda ya sa sabo daidai da na asali sau da yawa zai ga tsayin da yake nema ya dawo da kansa, ba tare da an sauya fasalin komai ba.

Idan kuwa sandar taya ce ke bugun dutse ko tudun da ke tsakiyar hanyar burji, to ga maganar da nake so kowa ya riƙe: duk abin da za ka yi wa sifirin, sandar taya ba za ta motsa daga inda take ba. Akwatin ne ke hawa, ita tana nan. Abu ɗaya ne ke ɗaga ta, wato taya mai girma, shi ma rabin abin da tayar ta ƙaru kawai ake samu. Ga misali. Taya mai lamba 155/80 R13 tsayinta wajen santimita 58 ne, mai lamba 185 R14 C kuwa wajen 65. Bambanci 7 ke nan, sandar ta hau santimita 3 da rabi. Kaɗan ne a ido, amma shi ne tsayi na gaskiya, kuma taya mai harafin C an yi ta ne don ɗaukar kaya. Sai dai a tabbatar ramukan kusoshin sabon wilin sun dace, kuma taya ba za ta goge rumfarta ba idan sifirin ya lotsa.

IN DOLE SAI AN ƊAGA

Akwai lokacin da aka duba komai aka ga akwatin kansa ne ya yi ƙasa da yawa. To, a nan sai a san irin ƙafar da tirelar ke da ita, domin iri biyu ne.

Iri na farko mai sifirin falle-falle. A yawancinsu sifirin a ƙarƙashin sandar taya yake ratsawa. Aikin da aka sani, har a Amurka inda masu jan ɗakin hutu suka yi yawa, shi ne a mai da sifirin saman sandar. Abin da ake samu shi ne kaurin sandar da kaurin sifirin da na mazauninsa, galibi santimita 10 zuwa 15. Aikin yana da ƙa'idoji, kuma ga su.

Kada a kife sandar a ce an huta. In ka dube ta da kyau, a yawancinsu za ka ga ta ɗan gantsare sama a tsakiya. Da gangan aka yi haka, domin idan nauyi ya hau ta miƙe tayoyi su taka ƙasa daidai. Wanda ya kife ta, tayoyinsa za su cinye ta gefen ciki, in kuma tana da birki ya juya shi. Sabon mazauni ake liƙawa a samanta, ita tana yadda take. Bayan haka a ɗauki tef a auna daga bakin wuyan tirela zuwa tsakiyar tayar dama, a auna zuwa ta hagu. In awon bai zo ɗaya ba, tirelar za ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa. Kusar tsakiyar sifirin kuma lalle ta zauna cikin raminta, domin ita ke hana sandar zamewa. Maɗauran nan masu siffar harafin U kuwa sababbi ake sawa, tsofaffin sun riga sun miƙe. A sake ɗaure su bayan an yi kilomita 80 zuwa 100 na farko, domin sabon aiki yakan zauna ya saki.

Abin da Baba makaniki ya tarar a ƙarƙashin ta ƙanena ya saɓa wa duk wannan. An mai da sifirin sama, sannan don a ƙara burge mai kaya aka jera gutsattsarin ƙarfe biyu, ɗaya kan ɗaya, tsakanin sifirin da sanda. Da maɗauran suka gaza tsawo, sai aka yi musu ƙari da walda. A wurin ƙarin nan ne ɗaya ya tsinke. Duk abin da ka cusa tsakanin sifirin da sanda ya zama kamar ƙotar da ke ƙara wa birki da rami ƙarfin murɗe sifirin. Na taɓa ganin wanda ya sa katako. Wannan ba gyara ba ne, ajiye ajali ne a ƙarƙashin kaya.

Wasu kuma 'yan ƙarafan nan masu lilo da ke riƙe da wutsiyar sifirin suke tsawaitawa. Su sani rabin abin da suka ƙara kawai za su samu, in sun ƙara santimita 6 su sami 3, sauran kuma rawa ce tirelar za ta riƙa yi gefe da gefe. Mafi muni shi ne a gasa sifirin a wuta a lanƙwasa shi. Ƙarfen sifirin a masana'anta aka ba shi horonsa na zafi da sanyi, wutar gawayi ko ta gas kashe shi take yi. Zai yi kyau mako biyu, sannan ya kwanta ko ya karye.

Iri na biyu shi ne wanda ya fi yawa a tirelolin Turai da ɗakunan hutu, irin na kamfanonin AL-KO da Knott. In ka leƙa ba za ka ga sifirin ba sam, sai bututun ƙarfe da hannu biyu masu riƙe da taya. A cikin bututun nan akwai igiyoyin roba masu kauri, su ne ke aikin sifirin. Wannan ba a kife shi, ba a kuma kusantar da wutar walda gare shi, domin robar za ta ƙone a ciki ba ka gani ba. In za a ɗaga, ƙarfe mai kusurwa huɗu mai kauri ake shimfiɗawa tsakanin shasi da kunnuwan bututun, a ɗaure da kusoshi masu ƙarfi, a kuma haɗa gefen dama da na hagu da wani ƙarfen don kada su kwanta. Robar ma tana tsufa, in ta mutu sai dai a sake bututun ɗungurungum.

Har ila yau, a dokar Turai tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 dole ta zo da birkinta. A ƙananan nan, birkin a wuya yake: idan mota ta rage gudu tirela ta turo ta, sai wuyan ya shige ciki ya ja wani siririn ƙarfe da wayoyi zuwa tayoyi. Da ka ɗaga akwati ka sauya tazarar wayoyin nan. In ba a sake daidaita su ba, ko dai birkin ya riƙa kamawa ba dalili har boris ya yi zafi, ko ya daina kamawa gaba ɗaya. Haka shakazoba in akwai, da wayar fitilun baya, kowanne sai an duba ko tsawonsa ya isa. Daga ƙarshe kuma a koma kan ƙwallon mota, domin tirelar da ta hau santimita 12 wuyanta ma ya hau.

BASHIN DA AKE CI

Yanzu bari mu zo kan taken zancen. Abin da ke hana abin hawa kifewa a kwana abu biyu ne: faɗin da ke tsakanin tayoyinsa, da kusancin cibiyar nauyinsa da ƙasa. Lissafin ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai yi shi. A ɗauki rabin faɗin, a raba da tsayin cibiyar nauyi. A ce tsakanin tayoyin rimok santimita 150 ne, rabi 75 ke nan. A ce cibiyar nauyinta da kaya tana santimita 75 daga ƙasa. In ka raba 75 da 75 ka sami 1. Ka ɗaga ta cibiyar ta koma 87, lissafi ya zama 0.86, wato ka zubar da kashi 14 cikin 100 na zamanta daram. Ka tula kaya sama har cibiyar ta kai 110, lissafi ya koma 0.68, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Faɗin tayoyi kuwa yana nan yadda yake, ba wanda ya ƙara shi.

Gudu kuma ba ya ƙara ƙarfin kifarwa sannu-sannu. Kwanar da ka sha a kan kilomita 60, in ka sha ta a kan 85 ƙarfin da ke tura ka waje ya ninka sau biyu. Shi ya sa na ce tsayi bashi ne. A von ka ci shi, a kwanar Dassa za a zo karɓa, kuma mai binka ba ya sallama.

Yadda aka jera kaya ma yana cikin lissafi. Masu nauyi a ƙasa, a kan sandar taya da ɗan gabanta, wajen kashi 60 cikin 100 na kayan a rabin gaba. Lalle wuyan tirela ya danna ƙwallon mota. Turawa kan so kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙwallon, Amurkawa kan ce 10 zuwa 15. In ka ga yaro ƙarami yana ɗaga wuyan tirela mai lodi da hannu ɗaya, kada ka yi murna, nauyi ya koma baya ke nan, kuma tirela mai nauyi a baya ita ce mai kaɗa wutsiya. In ta fara kaɗawa a hanya, ka ɗage ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka bar gudu ya mutu da kansa. Birki mai ƙarfi a wannan lokaci shi ya kifar da ƙanena.

KADA A TOSHE BAKIN MAI BA DA LABARI

Saura magana ɗaya, ita ce kuma ta fi damuna. Mai waldan nan ya ƙara wa kowane gefe falle biyu da ya yanko daga sifirin babbar mota. Shi ya sa rimok ta daina durƙusawa, shi ya sa kuma ƙanena ya ƙara lodi. Baba makaniki ya ce masa, "Ɗana, sifirin shi ne ɗan aiken da ke gaya maka kaya sun yi yawa. Kai kuwa ka biya kuɗi aka toshe masa baki." Ƙarin falle ba ya ƙara wa boris ƙarfi, ba ya ƙara wa taya, ba ya ƙara wa sanda, balle birkin motar da ke ja. A wuyan tirelar Turai ko a gefen shasinta akwai ɗan faranti da aka buga iyakar nauyinta. Wannan lamba ba ta sauyawa don ka je gareji. Wanda kuma zai sauya fasalin abin hawa, ya kyautu ya fara jin ta bakin masu bizit da masu inshora, kada sai an yi hatsari a ce masa takardarsa ba ta san wannan tirela ba.

Wannan cuta ba ta tsaya kan ƙananan tireloli ba, 'yan'uwanmu masu manyan motoci sun fi kowa saninta. A Disambar 2005 ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma ta kafa doka mai lamba 14, wadda ta ce sanda guda mai taya biyu-biyu kada ta ɗauki fiye da tan 12, babbar tirela mai sanda shida kada ta wuce tan 51 ita da kayanta, tsayi kuma kada ya haura mita 4. Saboda irin wannan ne aka kafa sikeli a wurare kamar Diho da Sirarou a kan hanyar arewa. Dalilin dokar kuwa, tun gwajin da injiniyoyin Amurka suka yi tsakanin 1958 da 1960 aka gano cewa in ka ninka nauyin da ke kan sanda sau biyu, ɓarnar da take yi wa kwalta takan kai wajen sau 16. Ku duba wannan zagaye, jama'a. Muna ƙara falle don mu ƙara lodi, lodin ya fasa hanya, sannan mu koma gareji mu ce a ɗaga mana mota saboda ramuka. Ramin da ya karya maka sifirin bana, wataƙila kai ka haƙa shi bara.

Kakanninmu fatake da suka riƙa ratsa Nikki da Jugu zuwa Gwanja neman goro ba su san santimita ba, amma sun san wannan ilmi. Mangala a gefe biyu take rataya, ta sauka ƙasa-ƙasa, wannan ɓari daidai da wancan. Ba madugun da zai yarda a tula wa jaki kaya a gadon baya kamar hasumiya don an ga ƙafarsa ba ta rawa. Sun san dabbar da aka yi wa haka a gangara ta farko za ta zube, kuma asarar ta ayari duka ce.

Saboda haka, ɗana mai tambaya, ga amsarka a taƙaice. Ka loda rimok ɗinka da irin kayan da ka saba ɗauka, ka tsayar da ita a wuri mai baje, ka kwanta ka ga abin da ke taɓawa. Ka fara da ƙwallon mota, sannan lafiyar sifirin, sannan taya. In duk ba su wadatar ba, ka ɗaga iyakar abin da hanya ta tilasta maka, ko santimita ɗaya kada ka ƙara don ado. Ka kai wa wanda zai fito da tef kafin ya kunna wuta, ko da kuɗinsa ya fi, araha ba ta ado. Bayan an gama, kayanka su tsaya yadda suke a da, gudunka kuma ya ragu. Ƙanena har yau yana sarin doya, ya sayi wata rimok, tayoyi kawai ya sake mata. Yakan iso Kwatano bayan isha'i maimakon magariba, ba kuma wanda ya taɓa yi masa ƙorafi a gida.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko gyara ya aiko ta ofishin jarida kamar yadda aka saba, musamman makanikanmu da suka fi ni sanin ƙarfe. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke kowa lafiya, amin.